Rajistar matattun bishiyoyi a dajin Arslanbob

18 ga Afrilu

Jiya da la'asar na iso. Daga birnin Osh na shigo motar haya zuwa Bazar-Korgon, daga nan wata tsohuwar mota ta yi ta nishi da mu tana hawa, har muka shiga kwarin da Arslanbob yake, kimanin mita 1,600 sama da teku, a lardin Jalal-Abad na kudancin Kirgizistan. Dutsen Babash-Ata na tsaye a kan garin, fari fat da dusar ƙanƙara. Mai masaukina Ba'uzbeke ne, kamar yawancin mutanen nan. Ban gama cire takalmi ba ya shimfiɗa ƙyallen cin abinci a ƙasa, ga shayi, ga gurasa, ga faranti maƙil da 'ya'yan itacen da ya kawo ni ƙasar.

Kirgizawa na ce masa jangak, masana na ce masa Juglans regia. Mu ba mu da sunansa, don ba ya fita a ƙasarmu. Masu shiga manyan kantunan Kano da Abuja sun san shi: ƙwallo ne mai taurin ɓawo, in ka fasa ka tarar da nama mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar ƙwaƙwalwa. Zan riƙa kiransa jangak kamar masu shi. A yawancin duniya shuka shi ake yi a garka, amma nan daji ne guda, ya rufe gangaren duwatsun Fargana da Catkal tsakanin mita 1,000 da 2,000, a cakuɗe da tuffar daji da wasu itatuwa masu 'ya'ya.

Aikin da aka turo ni: in ware filayen awo, in buga wa kowace bishiya lamba, in auna kaurinta a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, in riƙa dawowa ina duba wa ya mutu, wa ke hanya. Kowace matacciya tana da fom ɗinta. A ƙasan fom ɗin akwai gurbi guda, "musabbabin mutuwa", an jera cuta, ƙwari, iska, dusar ƙanƙara, fari, mutum. Malamina ya ce ɗaya kawai zan zaɓa, don kwamfuta ba ta son surutu.

26 ga Afrilu

Daren jiya sanyi ya sauko bayan kwanaki na ɗumi. Da asuba ciyawar tsakar gida ta yi fari, tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Kafin azahar, sabon tofon jangak na fili na 2 ya yi baƙi ya langaɓe, sai ka ce an bi shi da wutar kara. Fili na 2 a ƙasan kwari yake, inda iska mai sanyi ke gangarowa ta kwanta. Fili na 3, wanda ke sama da shi a kan gangare, tafiyar minti goma, ko gezau.

Malamin dajin da ke raka ni, wanda nake ce wa Aka, wato yaya, ya tsinko tofo ɗaya ya murje shi a tafin hannu. Furen jangak a bakin sabon tofo yake, saboda haka abin da ya ƙone amfanin bana ne. Damuwarsa ke nan, kuma ita ce damuwar garin duka. Ni kuma tawa daban: bishiyar za ta sake tofo daga idanun da ke kwance a jikin reshe, amma da abincin da ta tara bara za ta biya. Wannan sanyi ba ya kashe babbar bishiya. Bashi yake ɗora mata. Babu gurbin bashi a fom ɗina.

9 ga Mayu

Mako uku ina neman gawa ban samu ba. A filayen da ke kusa da gari, matacciyar bishiya a tsaye sai an tona, faɗaɗɗiya kuwa babu ita sam. Ƙasan dajin a share yake tas kamar filin Idi. Da na tsaya a nan, da na rubuta rahoton cewa bishiyoyin Arslanbob ba sa mutuwa.

Ashe gawarwakin suna bayan gidajen mutane, an faskare su an jera har rufi. Hunturun nan ba wasa ba ne, kuma Aka ya ce a zamanin Tarayyar Sobiyet kwal ake kawo musu da araha. Dajin kuma yana hannun hukumar gandun daji da suke kira leshoz, tana da ma'aikata da albashi da tsaro, kuma tun 1945 aka ba wa wannan daji matsayi na musamman na kariya. Bayan rushewar Tarayyar a 1991 komai ya watse a lokaci guda. Kwal ya yi tsada, albashi ya tsaya, kowa ya juyo ga daji. Reshe ba ya kwana biyu a ƙasa.

Don haka na koma karanta kututture. Shi ma yana da nasa labarin. Yawancin kututturan da na gani masu sabon sara ba na jangak ba ne, na tuffa ne da na wata bishiya mai ƙaya da jajayen 'ya'ya da suke kira dolono. Dalili a fili yake. Jangak kuɗi ne, mutum ba ya sare abin da ke ciyar da shi, sannan tun tsakiyar shekarun 2000 doka ta hana sare shi. Sai gatari ya koma kan maƙwabtansa marasa gata. Abin takaici, wannan tuffar dajin ta tsakiyar Asiya, Malus sieversii, ita ce kakar tuffar da ake sayarwa a bakin titi a duk duniya. Na ga kututturenta mai kaurin cinya, an sare shi a tsayin gwiwa, yana ta ƙoƙarin tofo, shanu na bi suna cinyewa.

Na rubuta wa malamina cewa dole a ƙara filaye can nesa, inda jaki ba ya kaiwa. Ya amince, in dai ba za a ƙara kuɗi ba.

21 ga Mayu

Ruwa kwana huɗu. Ba aiki. Ruwan da ke sauka nan a shekara ya yi kusa da na Zariya, sai dai nasu a hunturu da watannin Maris zuwa Mayu yake zuwa, rani kuma ya kama a Yuli da Agusta. Hanyar fili na 6 ta zaftare. Ƙasar gangaren laushi gare ta, in ta sha ta ƙoshi sai ta taho gaba ɗaya. Bishiyoyi biyu na hango a ƙasan zaftarewar, saiwa a sama, ganye kore shar. Su ne matattu na farko da na cike wa fom ba tare da kokwanto ba, su ma sai da na ƙara gurbi da biro, don babu zaftarewar ƙasa a jerin.

12 ga Yuni

Gizaka ta fito. Tun a Afrilu nake ganin ƙwanta a jikin ɓawo, dunƙule-dunƙule masu gashi, kalar ƙasa, kamar an manna guntun auduga mai datti. Yanzu ga masu ƙwan: tsutsa mai gashi, a gadon bayanta ɗigo shuɗi biyu-biyu har jeri 5, sannan ja jeri 6. Lymantria dispar ce, wadda Amurkawa suka daɗe suna kuka da ita tun da aka shigar musu da ita daga Turai a ƙarni na 19. In ka tsaya shiru a ƙarƙashin tuffa za ka ji kashinta na zuba a kan busasshen ganye kamar yayyafi.

Ta fi yi wa tuffa da ƙananan itatuwa ɓarna a gangaren da ke kallon kudu, inda rana ta fi bugu, ƙasa ta fi bushewa. Manyan jangak na gangaren arewa, masu inuwa da laima, da sauƙi. Wata ɗaliba 'yar Bishkek, babban birnin ƙasar, da ta zo taya ni aiki na wata guda ta ce mu rubuta "ƙwari" a kan duk tuffar da ta bushe a wurin. Na ƙi. Bishiyar da aka yi wa aski ƙwal a Yuni tana iya sake ganye. Wadda ke mutuwa ita ce wadda aka aske bara, aka aske bana, rani ya same ta babu tanadi. To wa ya kashe ta, gizaka ko fari? Muka yi ta musu har shayi ya huce.

3 ga Yuli

Yau duk yinin a gindin bishiya ɗaya na yi shi, mai lamba 47 a fili na 4. Ni da Aka muka haɗa hannu ba mu zagaye ta ba. Daga nesa lafiyarta ƙalau, kanta cike da ganye, ga 'ya'ya kore kamar ƙananan lemun tsami. Sai da na matso na ga wani abu ya fito a jikinta sama da kaina kaɗan, faffaɗa kamar rabin faifai, samansa ruwan tsatsa mai gashi-gashi, ƙasansa na tsattsafo da ɗigon ruwa. Dangin naman kaza ne mai cin itace, Inonotus hispidus. Duk shekara yake fitowa, in sanyi ya shigo ya yi baƙi kamar gawayi ya faɗo. A gindin bishiyar na tsinci na bara, na ɓare shi da yatsa ya zube.

Abin da ke waje fure ne kawai. Ainihin jikinsa zare-zare ne a cikin itacen, yana cin zuciyar bishiyar shekara da shekaru. Na ɗauko barima, wato dogon ƙarfen da muke murzawa cikin bishiya mu zaro siririn itace kamar tsinken tsire, mu ƙirga zobban shekarunta. Da farko tana shiga da ƙyar, tana ƙara, hannuna na zafi. Ban kai tsawon tafin hannu ba sai na ji ta saki, tana juyawa a banza. Da na zaro, rabin farko itace ne mai kyau, sauran kuwa wani abu ne fari-fari mai laushi da ya marmashe kamar tsohon burodi, yana warin laima. Aka ya buga gindin da bayan gatari, ta amsa kamar ganga.

Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba. Mun san kuka mai kogon da mutum zai kwana a ciki, tana kuma ba da ganyen miya duk shekara. Rayuwar bishiya a gefe take, a 'yar shimfiɗar da ke ƙarƙashin ɓawo da itacen da ke biye da ita. Zuciyar ginshiƙi ce kawai. Bambancin shi ne jangak na ɗauke da manyan rassa masu nauyi a kwance, a ƙasar da ake dusar ƙanƙara.

Na bi jikinta da ido ina neman ƙofar da ruɓar ta shiga. Ga ta can sama: wani tsohon gurbin reshe mai faɗin tire, bakinsa ya naɗe ya yi leɓe amma bai rufe ba. Ko dusar ƙanƙara ce ta karya shi, ko wani ne ya sare shi a wani hunturu mai tsanani, ba mai iya faɗa yanzu. Daga kaurin leɓen dai an daɗe, mai yiwuwa tun Aka yana yaro. A saiwarta ta gefen hanya kuma kofaton shanu ya ɗaye ɓawo. Na sa wuƙa na ɗaga kaɗan, sai ga farin abu shimfiɗe kamar fatar madara, da baƙaƙen zare kamar igiyar takalmi. Armillaria ke nan, mai cin saiwa. Wato ana cinta ta sama ana cinta ta ƙasa, ita kuma tana ta zuba 'ya'ya.

Ranar da za ta faɗi, iska ko dusar ƙanƙara ce za ta ɗauki laifin a fom ɗina. Ruwa ba ya tsami banza. Na zauna a kan saiwarta na sake zana fom ɗin: gurbi uku maimakon ɗaya, abin da ya fara raunana ta, abin da ya shiga ta raunin, abin da ya ƙarasa ta. Na aika wa malamina hoto. Har yanzu shiru.

19 ga Yuli

A fili na 9, can nesa inda sai da doki, mun tarar da wata da ba ta buƙatar dogon bincike. An yanke mata gefen gindi da zarto, rami ya kai faɗin ƙofar ɗaki, ya yi baƙi don tsufa. Abin da aka cire sunansa kap, wani ƙullutu da ke fitowa a gindin wasu jangak. In aka yanka shi siriri yana ba da zane mai murɗe-murɗe, ana manna shi a gaban motocin alfarma da kayan ɗaki masu tsada da gindin bindiga. A shekarun 1990 an yi cinikinsa sosai zuwa ƙasashen waje, da izini da babu. Da na tambayi Aka wa ya yi wannan, sai ya ce, "Ƙanena, lokacin kowa yunwa yake ji," ya ja linzamin dokinsa ya yi gaba.

Bishiyar ta mutu a tsaye, ɓawonta ya zube, ta yi fari kamar ƙashi. Nan nesa da gari ana samun irinta, da faɗaɗɗu da suka ruɓe har ƙafa na nutsewa a cikinsu. Yanzu ne na fara ganin yadda dajin ke mutuwa in an bar masa gawarsa.

Barimata ta karye a cikin wata bishiya ranar Talata. Ofishin da ke riƙe da kuɗin aikin ya ce in cike takarda in jira.

14 ga Agusta

Lokacin yankan ciyawa. Kowane gida da ya karɓi hayar yanki daga leshoz yana can da doguwar laujen nan ta tsaye, ana share ƙasan daji ana tara ingirici don hunturu. Inda ba a yanka ba, shanu ne. A da, in ji dattawan da suke kira aksakal, masu farin gemu, dabbobin gandun gwamnati can saman duwatsu ake kai su, makiyayar da suke kira jailo, su yi rani a can. Yanzu dabbobin na mutane ne, su ne bankinsu, kuma da yawa ba sa yin nisa da gari.

Na tsaya a tsakiyar fili na 1 na duba hagu da dama. Manyan bishiyoyi, tsofaffi, tsakaninsu ciyawa a gyare kamar filin ƙwallo. Kyau kamar hoton kalanda. Amma babu yaro ko ɗaya. Na durƙusa na yi rarrafe na sami 'yan tsiron bana, ganye huɗu ko biyar, wasu lauje ya riga ya fille musu kai. Mai tsayin gwiwa babu, mai tsayin mutum babu, mai kaurin taɓarya babu. Jangak kuwa ba ya son inuwa, wurin da babba ta faɗi rana ta shigo nan ne ya kamata ƙarami ya miƙe. Na je irin waɗannan gurabe ɗaya bayan ɗaya. Ciyawa ce ta fi kyau a nan, don haka nan lauje ke fara sauka.

Na baro gida da tambayar me ke kashe bishiyoyin. Tsohuwar bishiya dole ta mutu, ko da naman kaza ko babu. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Wannan gani ya tuna min da kaɗanya da ɗorawa a gonakinmu, manya-manya da kakanni suka bari, garma da awaki ba sa barin na baya su taso. Na ba wa Aka labarin manoman Maraɗi da sassabin zamani, yadda tun shekarun 1980 suka koma barin tofon kututture a gona suna gyara shi maimakon ƙone shi. Ya saurara da kyau. Sannan ya ce a nan wanda ya karɓi haya ba shi da tabbacin yankin zai kai ga jikansa, jangak kuma sai ya shekara goma ko fiye a daji kafin ya ba da abin kirki, saniya kuwa gobe da safe za a tatse ta. Ban sami amsa ba.

Akwai dai wani yanki kusa da fili na 5 da mai shi ya kewaye da shingen ƙaya, ya kafa tsinke kusa da kowane tsiro don kada lauje ya taɓa. Cikinsa 'yan jangak ne har kafaɗata. Na sa shi cikin filayen awo, ko da ba ya cikin tsari.

27 ga Satumba

Gari ya koma daji. Iyalai sun kwashe da tukwane da barguna da yara, an kafa tantuna da bukkoki a ƙarƙashin bishiyoyi, za a yi makonni. Samari na hawa har ƙololuwa babu igiya, su taka reshe su girgiza, 'ya'yan na zubowa kamar ƙanƙara, mata da yara na bi suna tsinta. Hannun kowa ya yi baƙi da ruwan ɓawon, sai ka ce lalle ya kama fiye da kima, nawa ma haka. Buhunan kuwa Bazar-Korgon za su, babbar kasuwar jangak ta yankin. A ƙasan kwari, inda sanyin Afrilu ya bi, buhunan ba su cika ba.

Abu biyu na lura. Tsintar tana da tsafta ƙwarai, ana bin ganye ana tonawa, abin da ya tsira kuma ɓeraye na jira, don haka irin da zai kwana a ƙasa har ya tsiro kaɗan ne. Na biyu, masu hawan nan sun fi ni sanin ruɓa. Kafin yaro ya taka reshe sai ya buga shi da dunduniya ya saurara, domin ana faɗowa, ana kuma mutuwa. Wani saurayi ya nuna min bishiyoyi uku da ba ya yarda ya hau. Biyu daga ciki na rubuta musu "lafiya" a Mayu. Na gyara.

Da dare a bakin wuta wani dattijo ya ba ni labarin waliyyi Arslanbob-Ata, wanda garin ya ci sunansa, da yadda aka ce shi ya watsa irin dajin, da labarin cewa Iskandar na Makidoniya daga nan ya kai jangak ƙasar Girka. Ban yi masa gardama ba. Binciken ƙurar furanni da aka tono daga ƙasan tafkunan yankin, wanda aka buga a 2008, ya nuna cewa yawancin dajin bai wuce shekara 1,000 zuwa 2,000 ba, kuma da alama da hannun mutum ya yaɗu. Ta wannan gefen dattijon ya fi littattafan da suka ce dajin ya taso tun kafin ɗan Adam kusa da gaskiya.

Malamina ya amsa. Ya yarda da gurbi uku, amma sai na sake bin duk fom ɗin baya.

4 ga Nuwamba

Shekaranjiya dusar ƙanƙara ta farko ta sauka, jiƙaƙƙiya mai nauyi, alhali wasu bishiyoyin ba su gama zubar da ganye ba. Cikin dare muna jin ƙarar karyewar rassa daga daji kamar harbi. Jiya hanya ba ta biyu. Yau da sassafe na hau zuwa fili na 4.

Lamba 47 ta tsage daga inda tsohon gurbin reshen yake har ƙasa. Rabi na tsaye, rabi ya kwanta. Kogon cikinta zai ɗauki mutum biyu a tsaye, itacen kirkin da ke riƙe da ita duka bai fi faɗin tafin hannuna ba. An riga ni zuwa: ga sawun jaki, ga garin zarto a kan farin ƙasa, ƙananan rassan duk an kwashe. Na sami mai aikin yana ɗaure kaya na biyu, dattijo ne, na gaishe shi na roƙe shi ya yanko min faifai guda daga leɓen tsohon raunin kafin ya ci gaba. Ya dube ni, ya dubi itacen, ya yanko.

Faifan na nan jingine kusa da murhu yana bushewa. In ya bushe zan goge shi da takardar yashi in ƙirga zobban leɓen, in san shekarar da reshen ya tafi. Rabin da ke tsaye na bar masa lambarsa, don Aka ya ce ya sha ganin irinsa ya yi tofo a Afrilu.